Jirgin Ƙasan Kaftin Muntaka

"Wai ni kam, jirgin ƙasa yana tafiya a kan kwalta?"

Khala Tani ce ta yi tambayar, tana tsaye a ƙofar gidanta da kwandon shanya a hannu. Ba Luba ta tambaya ba. Khala Jamilatu ta tambaya, maƙwabciyarta ta tsallaken lungu, wadda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa da fara'a, kowace tana lura da yawan baƙin da ke shiga gidan 'yar'uwarta. Luba tana sama a bayan labule, tana tsintar shinkafa.

"Na mijin Luba zai yi," in ji Khala Jamilatu. "Mutumin da ya koya wa talotalo tashi sama, me zai gagare shi?"

Luba ta saki labulen a hankali, ta ci gaba da tsintarta.

Maganar talotalo gaskiya ce. Muntaka ya taɓa kiwon su a saman bene, har ranar da suka diro gaba ɗaya a kan motar limamin unguwa. Bayan talotalo sai wasan wuta da ya ɗauki kwangilarsa a wani biki, inda rumfar mata ta kama, motar 'yan sanda ta zo ta tsaya a ƙofar gidan Baba Yahya, mahaifin Luba, tana walƙiya da fitila kowa a unguwar Ruwais ta Jidda yana kallo. A saman gidan nan Luba da Muntaka suke zaune tun aurensu. Ranar wutar nan Baba Yahya bai yi faɗa ba. Sai da ya shanye shayinsa ya ajiye kofin, sannan ya ce, "Muntaka, duk ranar da motar shurɗa ta sake tsayawa a ƙofar nan saboda kai, ka nemi wurin zama. Halas, shi ke nan."

Luba kuwa tana son saman nan. Daga tagarta tana jin tarin mahaifinta da asuba, tana jin ƙamshin teku in iska ta juyo. Kuma, Allah ya sani, tana son Muntaka, da surutunsa da komai.

Tun lokacin da manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido suka fara tsayawa a Jidda, Muntaka ya taɓa samun aikin ɗaukar jakunkuna a tashar jirgin ruwa. Bai cika wata ba aka sallame shi, amma daga nan ya koma Kaftin. Ko Luba, da ba ta iya faɗin sunansa don kunya, sai da ya sa ta riƙa ce masa Kaftin.

Wata rana ya shigo da waya a hannu, ko takalmi bai cire ba.

"Luba, kalli nan. Ƙasashen sanyi ke nan. Jirgin ruwa ya tsaya, ga ɗan jirgin ƙasa yana jira a bakin tasha. Ya kwashe su ya hau duwatsu, su ga ruwa na zubowa, su ga ƙanƙara, su shiga rami su fito, kafin yamma ya dawo da su. Duk duniya haka ake yi. Mu a Jidda me muke ba su? Bas. Mutum ya ƙetaro teku a cikin gida mai hawa-hawa, ka tura shi a bas kamar ɗan makaranta."

"Ai mu ba mu da duwatsu a Ruwais, Kaftin," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ke ba ki san Bature ba. Ni na ɗauki jakarsa. Bature ba dutse yake nema ba, bayani yake nema. Ki nuna masa bango ki yi masa bayani, ki ga in bai ɗauki hoto ba."

Ba a yi mako ba sai ga jirgin a kan babbar mota. Daga wani wurin wasan yara da aka rufe a Aziziyya ya samo shi: inji mai batir, da taragu uku ƙanana a kan tayoyin roba. A gaban injin akwai fuska mai murmushi da manyan idanu. Muntaka ya shafe ta da baƙin fenti, fentin ya bushe, idanun suka sake leƙowa. Ya ƙara shafawa, suka sake leƙowa. Daga ƙarshe ya ce ai da gangan ya bar su, don Turawa suna son abin tarihi.

Abu na farko da ya cire shi ne madubin gefe.

"Ka bar madubin mana," in ji Abdulelah, yayan Luba, wanda ke tuƙa tasi. Haihuwar Jidda ne na sosai, Hausarsa tana tafiya tana jingina da Larabci. "Kef, ta yaya za ka ga fasinja?"

"Ka taɓa ganin direban jirgin ƙasa yana waiwaye? Mai tasi ne ke waiwaye, don yana tsoron a gudu ba a biya shi ba. Direban jirgi gaba yake kallo."

Daga nan kayan Luba suka fara ɓacewa. Katifun zaman falo suka sauka ƙasa suka zama kujerun fasinja. Kaskon turarenta ya shige cikin bututun injin, don jirgin ƙasa dole ya yi hayaƙi. Sai kuma 'yar taɓaryar tagulla ta turmin da take daka hel, kayan ƙamshin gahawar Baba, wadda kakarta ta bar mata, mai ɗan lotsawa a kai. Ta duba ƙasan kabad, ta duba bayan firji, ta zazzage buhun albasa.

"Kaftin, ko ka ga 'yar taɓaryata?"

"Ni da nake harkar sufuri tsakanin ƙasa da ƙasa, me zan yi da taɓarya?"

Luba ta bar neman. Ta koma daka hel da gindin kwalba.

Matsala ta gaba ita ce tashoshi. Muntaka ya yi niyyar tasha biyu, ta tashi da ta sauka. Amma Khala Tani ta ba shi wutar da yake cajin batir, saboda haka ta ce ba yadda za a yi baƙi su wuce ƙofarta ba su sha gahawa ba. Labari ya ƙetare lungu kafin ta rufe baki. Khala Jamilatu ta aiko a tambayi Kaftin ko ƙofarta tana da wani laifi ne. Kafin yamma rabin gidajen layin sun zama tasha. Babbar tashar ƙarshe kuwa ƙofar Baba Yahya ce, inda za a yi kiɗan mizmar da rawar sanda, a ci rago a kan shinkafa, Kaftin ya yi jawabi.

"Baba ya yarda?" Luba ta tambaya.

"Bai ce a'a ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya kyauta. Addu'a ce ai."

Ranar da jirgin ruwan ya iso, Muntaka ya sa wata riga mai maɓallan zinariya da ya aro wurin abokinsa mai tsaron ƙofar otal, da farar hula mai baki. Ya ɗauki allo mai hoton jirgin ƙasa, Abdulelah ya kai shi bakin tasha. Masu gadi suka dube shi, suka dubi allon, suka nuna masa hanyar da ya fito. 'Yan yawon kuwa suka wuce shi a manyan bas-bas masu sanyi, kowace da jagoranta, ko kallonsa ba su yi ba. Sai shi da Abdulelah suka bi bas-bas ɗin zuwa Balad, tsohon gari.

Wajen azahar tasi ta shigo Ruwais da fasinja biyu: wani dogon tsohon Bature mai hula cike da 'yan bajojin jiragen ƙasa, da matarsa, gajeriya, fuskarta ta yi ja saboda rana.

Abdulelah ya ja ƙanwarsa gefe. "Wallahi ya Luba, ba shi ya samo su ba, su suka same shi. Sun ɓace daga jama'arsu a kasuwa. Shayib ɗin, tsohon nan, ya ga hula, ya ga hoton jirgi, halas, ya kama hannunsa."

"Sun san inda aka kawo su?"

"Shi kansa Kaftin ɗin ya sani?"

Da tsohon ya ga jirgin da idanunsa da ke leƙowa ta cikin fenti, sai ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya fara dariya, yana yi yana riƙe ciki, yana ɗaukar hoto ta gaba ta baya.

"Kun gani?" Muntaka ya ce da jama'ar da ta taru. "Mutumin da ya hau jiragen duniya. Dubi hularsa. Bai taɓa ganin irin wannan ba."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa," in ji Khala Jamilatu.

An yi taragun ne don yara, saboda haka da tsohon ya zauna gwiwoyinsa suka zo daidai haɓarsa. Matar ta zauna a gefensa. Luba kuwa an naɗa ta ma'aikaciyar jirgi, aka ɗora mata tiren dabino da gorunan ruwa, aka zaunar da ita a gaban tarago na farko, bayanta da bayan Kaftin, tana fuskantar baƙin. Ta ja mayafinta har goshi, tana fatan kwalta ta tsage.

Muntaka ya zuba turare a kasko, bututu ya yi hayaƙi, ya danna ƙaho. Ƙahon ya saki waƙar yara. Jirgi ya tashi da saurin tsohuwa mai zuwa gaisuwa.

Turancin Muntaka na ɗaukar kaya ne. Ya san yadda ake cewa abu yana da nauyi, ya san a yi hankali, ya san na gode. Sauran da Larabci da Hausa yake cikewa, ya ɗaga murya a lasifika don su fi ganewa.

"A hannun dama, ruwa mai zubowa daga sama, bazara da damina ba ya yankewa." Ya nuna bangon wani dogon gini inda na'urorin sanyaya ɗaki suke ɗiga a jere. Tsohon ya ɗauki hoto.

"A hannun hagu, namun daji na ƙasar Hijaz." Kuliyoyi ne a kan kwandon shara, ɗaya ta ɗago kai ta dube su ta ci gaba da kan kifinta. Tsohon ya ɗauki hoto.

"Dutsen ƙanƙara." Tulin farin yashi a gaban gidan da ake gyara. Wannan har matar ta ɗauka.

Muntaka bai waiwaya ba, amma yana jin ƙarar kyamara. "Luba, kin ji? Me na gaya miki? Bayani."

Sai suka zo tudun rage gudu na gaban makarantar 'yan mata. Injin ya hau, ya yi nishi, ya tsaya. Ya ja da baya, ya sake gwadawa, ya tsaya. Dole fasinja suka sauka, tsohon Bature da wasu masu wucewa suka tura, Kaftin yana zaune yana ba da umarni a lasifika.

"Wannan shi ne hawan dutse," ya sanar. "A Turai ma turawa ake yi, ba sa nunawa a hoto ne kawai."

Tashar Khala Tani. An shimfiɗa darduma a zaure, an jera dabino, ga butar gahawa mai dogon baki. Duk wanda ya tashi a Jidda ya san in ka ƙoshi da gahawa ba magana ake yi ba, ɗan girgiza finjalin, wato ƙaramin kofin, kake yi kafin ka miƙa. In ka miƙa shi tsaye, ƙari kake nema. Tsohon Bature kuwa an rene shi a kan cewa abin da aka ba ka ka shanye, ka mayar da kofi da ladabi. Ya shanye ya miƙa, Khala Tani ta cika. Ya shanye ya miƙa, ta cika.

"Masha Allah, wannan ɗan gida ne," ta ce da ƙarfi, yadda za a ji a tsallaken lungu. "Wasu gidajen sai dai a kurɓa don kunya."

Luba ta ga gumi yana tsattsafo wa tsohon, ta ga idanunsa suna neman taimako. Ta kasa yi wa namiji baƙo magana. Sai ta taɓa hannun matar, ta ɗauki finjali, ta girgiza shi a hankali ta ajiye. Matar ta gane nan take, ta girgiza nata, aka bar ta. Ta zunguri mijin. Shi kuwa gahawa ta riga ta kama shi, hannunsa rawa yake yi tun kafin a ce ya girgiza, Khala Tani ta ce ai wannan tsufa ne ba ƙoshi ba, ta ƙara masa.

Tashar Khala Jamilatu tana nesa da ta Khala Tani da tsawon jirgin kansa. Duk da haka sai da aka hau, aka busa ƙaho, aka sauka. Khala Jamilatu ta gama kallon komai ta taga, saboda haka ta fito da buta biyu, da sambusa, da masa, da wainar ƙwai, da kunun gyaɗa a babban kwano.

"Ku gaya masa a nan ba ruwan zafi kawai ake ba baƙo ba."

"Ruwan zafin dai ya sha har ya kasa tsayawa," in ji Khala Tani daga ƙofarta.

"Yunwa ce, 'yar'uwa. Mai yunwa ko me aka ba shi sha yake yi."

Bayan wannan tsohon ya nemi bayan gida. Gidan da aka kai shi ba ya cikin jerin tashoshi, amma baƙo ya taka ƙofa, matar gidan kuwa ba za ta bari a ce an shiga gidanta an fita haka ba. Aka kawo kankana. Ana cikin kankana aka kira la'asar, Kaftin ya ajiye jirgi a inuwa ya bi maza masallaci da maɓallansa na zinariya.

A nan ne matar ta matso kusa da Luba. Ta yi magana a cikin wayarta, ta miƙo. Wayar ta ce da Larabci, da muryar mace mai sanyi: "Jirginmu ya kusa tashi. Ba ya jiran kowa. Don Allah ki taimake mu."

Luba ta dubi matar. Dariyar da take yi tun azahar ta tafi. Tana nuna agogonta, tana nuna mijin, wanda ya jingina da katifar falon Luba yana kallon hotunansa yana murmushi.

Da aka fito masallaci Luba ta tari mijinta a gefen injin.

"Kaftin, matar ta ce jirginsu zai tashi. Wai ba ya jira."

Muntaka ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Jirgi ya tafi ya bar mutum? Luba, kakana da zai ƙetaro hajji, jirgin ruwa ya jira shi a Sawakin har ya gama cinikin akuyarsa. Motar alhazai kin taɓa ganin ta tashi da saura mutum ɗaya a banɗaki? Ƙirgawa ake yi, a jira. Balle Turawa biyu."

"Ta ce wannan ba haka yake ba."

"Shi matuƙin jirgin ma na san shi. Na taɓa ɗaukar masa jaka. Saura tashar Baba, a yi mizmar, a ci rago, in yi jawabi. Daga nan mu gangara bakin teku su ga faɗuwar rana. Sannan a yi maganar komawa."

Ta juya wajen Khala Jamilatu, ta faɗa mata a kunne.

"Baƙo ya bar Ruwais rago yana kan wuta? Ke Luba, so kike a yi da mu a gari?"

Kowa ya kama hanyar gidan Baba Yahya don ya sami wurin tsayawa, har an fara jin ganga daga can. Luba ta tsaya da tire a hannu. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta ga abin a fili kamar a talabijin: jirgi ya tashi, an nemi tsofaffi biyu an rasa, an bi sawu, an tambayi wane ne mai hula da maɓallan zinariya. Duk Jidda mutum ɗaya ne. Sai mota mai walƙiya a ƙofar Baba, sai Baba ya ajiye kofin shayi.

Ta kira Abdulelah. "Yaya, ka zo da mota wajen tudun makarantar 'yan mata. Yanzu."

"Lesh? Me ya sa?"

"Ka zo dai."

Zagayen da Kaftin ya tsara zuwa ƙofar Baba dole ya sake bi ta kan tudun nan. Luba ta koma mazauninta, jirgi ya tashi. A wani rami gorar ruwa ta faɗo daga tire ta maƙale tsakanin injin da tarago, ta sunkuya za ta ɗauka. A nan ta ga abin da ya haɗa su. Ƙarfe biyu masu huda, ɗaya a kan ɗaya, an zura musu wani abu mai ruwan zinariya da aka shafe da baƙin mai. A kansa akwai ɗan lotsawa.

Ta daɗe tana kallon taɓaryar kakarta.

Suka iso tudun. Layin babu kowa, duk an tafi wajen ganga. Injin ya hau ya yi nishi ya tsaya, kamar ɗazu.

"Kowa ya riƙe da kyau," in ji Kaftin a lasifika. "Wannan karon da gudu za mu haye."

Ya ja da baya don ya ɗauki zango. Ƙarafan biyu suka saki jiki. Luba ta naɗe hannunta da gefen mayafi, ta kama kan taɓaryar, ta ce bismillah a zuci, ta zare.

Injin ya yi tsalle ya haye tudun kamar ɗan akuya. Tunda aka kawo shi Ruwais bai taɓa gudu irin wannan ba. Hayaƙin turare ya miƙe a bayansa.

"Kun ji ƙarfi?" muryar Kaftin tana nisa. "A hannun dama, tsohuwar kasuwar tayoyi, mai daɗaɗɗen tarihi."

Ya sha kwana, ya ɓace.

Taragu uku suka tsaya shiru a gindin tudu. Matar ta dubi taɓaryar, ta dubi Luba, ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Tsohon ya ɗaga kyamara, matar ta danne masa hannu. Luba ta zura taɓaryar a hannun abayarta daidai lokacin da tasi ta shawo kwana.

Abdulelah ya leƙo. "Fen injin? Ina yake?"

"Ya yi gaba."

"Kef ya yi gaba?"

"Yalla, Yaya, yi sauri ka kai su tasha. Kada ka tsaya ko'ina, ko wa ya ce ga gahawa."

Sai da su biyu suka ciro tsohon daga taragon, ƙafafunsa sun sage. Ya shafa gefen jirgin kamar mai sallama da doki. Da motar ta tashi, matar ta fito da hannu ta taga, ta haɗa yatsu kamar mai riƙe da finjali, ta girgiza.

Luba ta bi ta lungun bayan masallaci, ta riga Kaftin isa, don shi ya zagaya ta babban titi saboda baƙi su ga gari. Ta tsaya a bayan mata. Daga nesa ake jin lasifika. Mutanen bakin titi suna ɗaga masa hannu suna cewa ya duba baya, shi kuma yana ɗaga musu hannu yana godiya.

Masu ganga suka ƙara wuta. Injin ya shigo layi da idanunsa da murmushinsa, ya tsaya daidai gaban kujerar Baba Yahya. Muntaka ya sauko, ya gyara hula, ya fuskanci jama'a. Ganga ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauka don jawabinsa ne.

"Jama'ar Ruwais. An ce ba za a iya ba. An ce jirgin ƙasa sai da dogo. A wannan gidan ma akwai waɗanda suka yi shakka, ba zan kama suna ba. Yau ga shi, daga teku zuwa ƙofarku. Ku tarbi baƙinmu."

Ya buɗe hannu, ya juya.

Kwalta ce, har ƙarshen layi. Sai wata kyanwa da ke tsallakawa.

"Kaftin," in ji Baba Yahya, bai ko ɗaga murya ba, "ina jirgin?"

"Yana... yana tafe, Baba."

"Shi kaɗai?"

"A Turai haka ake yi. Inji ya fara isa ya duba tasha."

"To kin ji amsarki, Tani," in ji Khala Jamilatu. "Yana tafiya a kan kwalta. Kansa dai."

"Wa kake yi wa bayani tun daga makaranta?" wani daga cikin masu ganga ya tambaya. "Mun ji ka nuna wa iska shagon mai faci."

Muntaka ya tattare rigar otal ya zura da gudu, rabin unguwa a bayansa. Suka tarar da taragu a gindin tudu, kuliyoyi sun hau katifun Luba suna binciken tiren dabino. Ya duba ƙarƙashin kujeru. Ya duba har cikin kwandon shara.

"An sace mini Turawa," ya ce, muryarsa ta koma siririya.

Da maganar ta iso ƙofar gida, Baba Yahya ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayinsa. Luba tana kallon kofin nan, taɓarya tana yi mata sanyi a damtse. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Saura kaɗan a ƙasan kofin wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya ce madalla, ya kashe.

"Abdulelah ne. Ya tsince su a hanya ya kai su tasha. Ana janye matakala suka shiga."

"Ai na ce zai jira," in ji Muntaka, wanda ya dawo yana haki.

"Bai jira ba. Su ne suka yi gudu." Baba ya dubi ƙarshen layi ta dama, ya dubi ta hagu. Babu mota, babu walƙiya. Ya shanye sauran shayin. "A sauke ragon nan, kada ya ƙone."

Aka ci rago. Aka yi mizmar ma, tunda an riga an ɗaure ganguna. Duk wanda ya shiga fili da sanda sai ya buɗe hannu ya juya ya tarbi baƙin da babu.

Bayan magariba Muntaka ya hawo sama da katifu a kafaɗa. Ya ajiye su, ya zauna, ya daɗe yana juya hula a hannu.

"Luba, akwai wata 'yar magana. Taɓaryar nan taki."

"Na'am, Kaftin."

"Aro na yi. Don ci gaban ƙasa. To ƙarfin injin ne ya yi mata yawa. Na duba wurin, ko ɓurɓushinta babu. Kin san abin da ake nufi da inji ya narkar da tagulla?" Ya fara miƙewa zaune, murya tana dawowa. "Su Abdulelah suna dariya, ba su san abin da suka gani ba. Injin nan ba na kwalta ba ne. Dutse yake nema. Ɗa'if, garin duwatsu, ya kamata in kai shi."

"Allah ya kyauta," ta ce.

"Amin. Kin ga ke kina fahimta. Zan sayo miki wata, ta baƙin ƙarfe."

Ta tashi ta shiga kicin don ta haɗa masa shayi. Ta wanke taɓaryar da sabulu har baƙin man ya fita, ta goge ta, ta shafa ɗan lotsawar da yatsa. Ta buɗe buhun shinkafa, ta tura ta can ƙasa, ta rufe. Gahawar Baba ta gobe da gindin kwalba za a daka mata hel, da ta jibi ma. Daga falo tana jin Kaftin ya kira wani a waya, yana ba shi labarin injin da ya narkar da tagulla.

Baba zai so ya ji. Khala Tani da Khala Jamilatu kuwa da sun ba da butocinsu duka don su riga juna ji. Mutum ɗaya ce ta gani da idonta ta kuma gane, ita kuwa tana tsakiyar teku. Luba ta ɗaure bakin buhun, ta ɗora tukunya a kai, ta ƙudura a ranta cewa daga ita sai shinkafar.